Telan da Na Ƙi Sallama

Zamanin mulkin soja ne, ina aikin jinya a wani ƙaramin ɗakin shan magani a Unguwar Hajji ta ƙasar Karaye, aka kawo mana shi a kan amalanke. Tela ne, mutumin Chadi, ya gudo daga yaƙin ƙasarsu. Waɗanda suka tsare shi a can sun kakkarya masa yatsu, ƙashin ya haɗe a karkace. Da ya ji takun takalmi a bakin ƙofa sai jikinsa ya ɗauki rawa.

Ni ba ni da komai sai allura da aidin da bandeji. Amma a Rogo Ruma akwai wata hajiya da ta mayar da gidan marigayi mijinta masaukin 'yan gudun hijira, a Kano kuma akwai wata cibiya mai likitan ƙashi da masu zama su saurari waɗanda aka azabtar. Mun riga mun saba da juna. Ni in wanke ciwo, cibiyar ta yi aikin da ya fi ƙarfina, Hajiya ta ciyar da mutum har hankalinsa ya kwanta. Wani direban motar gyaɗa daga Beli ne ke kai mana majinyata.

An gyara masa hannun dama a Kano, ya dawo wurina wankin ɗinkin ciwon, sai ga wani jami'i daga birni. Ko gaisuwata bai amsa ba.

"Malama, an ce ku ne masu tara baƙin haure. Ki sallame shi yau."

"Yallaɓai, ɗinkinsa bai kame ba."

"Ba shawara na kawo miki ba. Kin san zan iya ɗauke ki daga nan?"

Telan yana zaune a kan benci, ya sunkuyar da kai. Na shiga tsakaninsu na tsaya.

"Ka ɗauke ni," na ce. "Duk inda ka kai ni, can za a riƙa kawo su."

Ya kuwa ɗauke ni. Aka tura ni wani ƙauye a bayan Beli, wani ɗakin shan magani da rabin rufinsa ya yaye. Na yi kuka ranar da na gan shi, amma ba a gaban kowa ba.

Ranar kasuwa Hajiya ta iso da telan da wasu mata biyu masu jiran magani. Manoman ƙauyen suka kawo kara da ciyawa suka rufe ɗakin. Likitan Kano ya aiko min da kayan aiki, daga baya ya fara zuwa da kansa.

Hannun hagu bai taɓa miƙewa ba. Da dama yake jan yadi, ya danne shi da gwiwar hannu, ƙafa tana taka keke. Ɗinkinsa bai kai na da kyau ba, shi da kansa ya faɗa, amma matan Rogo suka riƙa kai masa atamfa.

Ni kuwa ban taɓa zuwa roƙon a mayar da ni Karaye ba.