Tarwaɗar Kawu da Baƙon da Ke Sakin Kifi

Aikin farko da na samu bayan bautar ƙasa shi ne tafinta, kuma ko shi ban tabbata ya kai a kira shi aiki ba. Wani kamfani ne ya kawo injinan ban-ruwa dam ɗin Tiga, ya haɗo su da injiniya ɗan ƙasar Siri Lanka, wani siririn dattijo da ba ya jin Hausa. Ni kuwa na yi digiri a tarihi, na daɗe ina zaman jira har mutane sun daina tambayata. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, masunci ne. Shi ya ji ana neman mai jin Turanci, ya kai ni da kansa. Na faɗi wannan tun da wuri don a san ba ni da bakin yi masa gardama.

Wata safiya muna bakin ruwa, masunta na sauke kamun da suka yi, Injiniya ya ce in tambayi Kawu ko zai sayar masa da kifin da ke daro, masu rai kawai. Aka yi ciniki. Ya naɗe ƙafar wando, ya shiga ruwa har gwiwa, ya karkata daron a hankali, kifi suka watse. Ya haɗa tafukansa ya yi shiru, ya fito ya sa takalmi.

Kawu ya juyo ya dube ni. "Ɗan nan, lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Bayan la'asar dattawan majalisa suka sa aka kira ni in yi musu bayanin abin da baƙon ya yi. Na fara da cewa ni Musulmi ne, abin da zan faɗa karatu ne kawai, kuma mai yiwuwa na manta wani ɓangare. Wani tsoho da ya yi aiki a ma'aikatar ruwa ya ce, "Mun san ubanka. Yi magana."

Na ce addinin Buda Injiniya yake bi. A yadda mabiyansa suke ba da labari, shi Buda ɗan sarki ne a can arewacin Indiya, ƙarnuka kafin Annabi Isa. Ubansa ya killace shi a fada don kada ya ga abin baƙin ciki. Sai da ya girma ya yi aure, ya fita gari, ya ga tsoho, ya ga majinyaci, ya ga gawa.

"Sai da ya yi aure ya ga tsoho?" in ji tsohon ma'aikatar ruwa. "Da majalisar nan aka kawo shi, da ya gama karatunsa a yini guda."

Na jira dariya ta lafa. Na ce abin ya tsaya masa a rai, ya bar fada ya shiga daji neman dalilin wahala. Ya gwada horon kansa da yunwa har ya kusa mutuwa, ya ga ba nan take ba. Daga baya ya zauna gindin wata bishiya yana tunani, ya tashi yana cewa wahala daga kwaɗayi take, da riƙe abin da ba zai dawwama ba. Shi ya sa suke ce masa Buda, wato wanda ya farka. Wasu suna binsa don neman kwanciyar rai da koyon tausayin duk mai numfashi, wasu kuma, ina jin, a ciki aka haife su. Injiniya ya gaya mini mahaifiyarsa ce ba ta da lafiya, saboda ita yake sakin kifin duk ranar da wata ya cika.

Kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Kawu kuwa tambaya ɗaya ya yi. "Duk wata ka ce?"

Kafin wata ya sake cika, Kawu ya kafa raga a ƙarƙashin ruwa, ta zagaye daidai inda Injiniya yake tsayawa. Daga tudu ba a ganinta. Injiniya ya saki kifi, ya haɗa tafuka, muka wuce wurin injina. Kawu ya shiga ya kwashe abinsa.

Na same shi a gida. Na ce, "Kawu, ba wai ina cewa laifi ne ba, amma ina ganin kamar, ta wata fuskar..."

"Malam mai digiri, ya saya ko bai saya ba?"

"Ya saya."

"Ya saki ko bai saki ba? To abin da ke ruwa na mai raga ne."

Ƙananan kifin sukan tafi kasuwa. Amma akwai wata ƙatuwar tarwaɗa mai guntun gashin baki a gefe ɗaya, wadda Injiniya yake fara nunawa duk zuwa. Ita Kawu ya yanke mata ganga ya ajiye ta a tsakar gida, yana ba ta dusa da hanjin kaza, yana sauya mata ruwa da kansa. Matarsa ta ce ita ba ta taɓa samun irin wannan kulawa ba. Tarwaɗa ta yi ƙiba, ta riƙa zuwa bakin ruwa wata-wata kamar mai karɓar fansho.

Ni kuwa na rame. In na yi shiru Injiniya ya gano, zai ce da ni aka haɗa baki, aikin ya tafi. In na faɗa, na tona wa wanda ya samo mini aikin asiri. Kuma kowane ciniki ta bakina yake bi. Da aka tura mu Kiru duba wani inji, na shirya maganar tun daga Bebeji, muka je muka dawo ban faɗe ta ba.

Ranar da na faɗa, a gaban Kawu ne, daro yana tsakaninsu. Na ce wa Injiniya akwai yiwuwar, ko da yake ban auna ba, wannan kifin ya yi kama da na watan jiya, da na wanda ya gabace shi, saboda wata raga da ba zan ce ban san da ita ba.

Injiniya ya tsuguna ya daɗe yana kallon tarwaɗar. Ya ce shi ya ɗauka duk na dam ɗin nan haka gashin bakinsu yake. Bai yi dariya ba. Kawu ya ji kalmar raga a fuskata, ba a bakina ba.

"Ka faɗa masa ke nan. To faɗa masa wannan ma, kada ka rage. Duk Tiga kifin nan ne kaɗai ya yi wata da watanni kusa da tukunya bai shiga ba. Da can ya tafi, da tuni wani ya kama ya yi farfesu. Ni na raya shi. Ya tambaye shi in ƙarya ne."

Na fassara, ban rage ba. Injiniya ya ce gaskiya ne, ya gode. Sai dai yau yana so a kai tarwaɗar tsakiyar ruwa, inda ba raga, kuma Kawu ne zai sake ta da hannunsa.

Masunta sun taru, ba halin ƙi. Muka shiga kwale-kwale mu uku, Kawu ya miƙa mini filafili. "Mai gaskiya, tuƙa."

Ban iya tuƙi ba, kwale-kwalen ya yi ta juyi kafin ya miƙe. Da muka yi nisa Kawu ya ce in tsaya, nan ne saitin tsohon garinmu da ruwa ya ci lokacin da aka gina dam. "Gaya masa ɗan sarkinsu da ƙafarsa ya bar gida. Mu ba wanda ya tambaye mu." Ya sa hannu biyu ya ɗago tarwaɗar, ya riƙe ta cikin ruwa ya ƙi saki. Ita ce ta fizge ta nutse. Ya bi wurin da kallo.

Injiniya ya yi wata magana a hankali. Na buɗe baki.

"Bari," in ji Kawu. "Na san me ya ce. Ba ita nake ji ba, dusata nake ji."

A bakin ruwa na tsaya ina jiran a sallame ni. Injiniya ya ce gobe za mu Doguwa, in zo da wuri, kuma daga yau in riƙa faɗin magana a taƙaice. Na ce zan yi ƙoƙari, gwargwadon hali, in ba a samu wata matsala ba.

Kawu bai kai ƙarata wurin mahaifiyata ba. Abin da ya yi shi ne, duk lokacin da na je gidansa ana cin kifi, sai ya ce a zuba mini miya zalla, wai ɗan nan ya fara tausayin masu numfashi. Haka na ci tuwo har damina ta faɗi.