Malama Jannatu, Wadda Ta Hana Manhaja Tsegumi

Da hantsi keke ke sauke Malama Jannatu a bakin wani shago a Tudun Wada, tsakanin mai walda da mai niƙa. Ta gaishe su, ta leƙa ko an kawo wuta, ta tarar ba a kawo ba, ta tayar da janareta da kanta. A nan ta shekara da shekaru tana haɗa darussan da 'ya'yanmu ke karantawa a waya. Yawancinmu mun ɗauka hoton fasfo take ɗauka.

Darasi ba ya shiga manhajar makaranta haka kawai, sai an gina shi bisa ƙa'idar da shi da manhajar suka sani. Da makarantun unguwa suka haɗu za su zaɓi guda, ita ta yi wa masu makarantu da mu iyaye bayani. Akwai tsohuwar ƙa'ida, SCORM, wadda labarinta gajere ne: yaro ya gama, ya ci kaza, ya ɗauki lokaci kaza. Akwai sabuwa, xAPI, wadda za ta iya faɗin ranar da ya buɗe darasi, da inda ya tsaya, da inda ya tsallake.

Alhaji Nagoda, shugaban masu makarantu, ya ce sabuwar yake so. Duk Litinin sai a fito da waɗanda ba su buɗe darasi da wuri ba, a tsayar da su gaban 'yan'uwansu. Muka tafa. Mu iyayen zamani ba abin da ke faranta mana kamar na'urar da za ta yi mana tarbiyya muna zaune.

Malama ta ce, "Alhaji, akwai gidan da yara biyar ke jiran waya ɗaya, wayar kuma tana Kwangila a aljihun ubansu."

"To laifin sabuwar ƙa'idar ke nan?"

"Ba ta da laifi. A asibiti ma na yi aiki da ita. Ku ne na sani."

Aka yi dariya, aka ce mace ce mai tsoron ci gaba. Ita dai ta ce da tsohuwar za ta yi musu aiki. Makarantu biyu suka ɗauko wani saurayi daga Kaduna ya ba su abin da suke so. Malam Istifanus, da ke koyar da lissafi a ɗayarsu, ya ce duk mako fuskoki iri ɗaya ake tsayarwa, har wata Bahijja, wadda ba a taɓa kayar da ita a darasinsa ba, ta daina zuwa ranar Litinin, daga baya ta daina zuwa sam. Sauran makarantun da suka zauna da Malama ba su samu labarin bayarwa ba. Yaransu sun yi karatu sa'ad da waya ta dawo gida.

Ke ce mai riƙon amanar 'ya'yan da ba ki haifa ba, Malama. Kin rasa aiki don kada a kunyata ɗan wani, mu da muka haife su muna tafi.

Yanzu idonta ya gaji, likita ya raba ta da kwamfuta. Mun gode, Malama Jannatu, Allah ya ba ki lafiya, ya saka miki da abin da muka kasa. Ku kuma matasan da za ku gaje ta, wata mai zuwa za a sake zaman zaɓen ƙa'ida, kuma mu ɗin ne dai za mu cika zauren. In kun ji mun fara tafi, ku dakata ku tambayi ɗan wa za a tsayar.