Kwat ɗin Alhaji ya fita daga ɗakina

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, Alhaji Sallau. Ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa, ina yi ina share hawaye. Ya rasu a irin wannan lokaci, da ganye ya fara zuba a titunan unguwarmu Sparkhill, sanyi ya fara shiga ƙashi.

Tun yana saurayi ya baro zangon Kumasi ya zo Birmingham aikin masana'anta. A shekararsa ta farko ya sayi wani kwat na ulu, ruwan toka, mai kaiwa gwiwa, da malafar Turawa mai baki. Da na iso daga baya, a cikinsu ya tarye ni. Har ya tsufa, a kan kaftani yake ɗora kwat ɗin. Duk Juma'a sai ya kara malafar a tururin butar shayi, ya bi ta da buroshi. Idan ya isa ƙofar masallaci ya cire ta, ya zaro 'yar hula daga aljihu ya sa, domin bakin malafa ba ya barin goshi ya taɓa ƙasa.

Da aka raba kayansa, 'ya'yan suka bar mini waɗannan biyu. Na rataye kwat ɗin, ban yarda ruwa ya taɓa shi ba, saboda ƙamshinsa yana jikin kwalar: turarensa da guminsa. Idan kewa ta yi mini yawa, nakan buɗe durowa in tusa fuskata a ciki.

Bana jikarmu Rahina, wadda ke karatu a uni, wato jami'a, a Manchester, ta zo hutu ta ga kwat ɗin. Da yana raye, Alhaji amaryarsa yake ce mata.

"Hajiya, wannan ai vintage ne, tsohon yayi! A Oxford Road rububinsu ake yi. Ki ba ni kayan mijina."

Na ce, "Mijin naki da ko shayi ba ki taɓa dafa masa ba? Mu gwanjo muka sani."

Ta yi dariya, ta ɗaga hannun kwat ɗin, sai dariyar ta tsaya. Asu ya huda shi wuri-wuri. Ta ce in ba a kai shi shagon wanki an tsabtace shi ba, kuma ana sa shi yana shan iska, baɗi tsumma zan tarar. Na san in aka wanke, ƙamshin ya tafi ke nan. In na hana, asu ya cinye duka.

Na yi ta tunanin me Alhaji zai ce. Da ya ga yaran yanzu suna neman kayan zamaninsa, suna ɗora su a kan wando mai yagaggiyar gwiwa, da ya yi tsaki, ya ce ba su iya goge takalmi ba. Amma na san a ransa zai ji daɗi. Kuma mutum ne da ba ya son a ajiye abu yana lalacewa alhali wani yana jin sanyi.

Na ba ta. Da aka dawo da shi daga shagon wanki na sansana kwalar, babu komai sai warin magani. Na shiga ɗaki na yi kuka kamar ranar aka ɗauke Alhaji.

Ranar da za ta koma, ta sa shi a kan doguwar riga, ta yafa mayafi ruwan ƙasa, ta naɗe hannun saboda ya yi mata tsawo. Na tsaya a taga ina kallon bayanta. Sai na ga kafaɗar kwat ɗin ta hagu ta ɗan sauka, inda igiyar jakar aikin Alhaji ta danne shekara da shekaru. Wanki bai taɓa wannan ba. Na bi kafaɗar da ido har ta sha kwana.

Ƙamshi ya tafi, ni ma tafiyar nake jira. Amma kwat ɗin yana can yana tare wa jininsa sanyi. Allah Ya jiƙan Alhaji Sallau, Ya sada mu da alheri.