Na Je Satar Waƙa da Rikoda a Ƙarƙashin Riga

Kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan labarin nan ni ne. Ba direba ba ne, ba abokin tafiyata ba ne, ni ne, da furfurata da takardar shaidar yaƙi da jahilci da na rataye a zaure. Ku 'yan majalisar Ƙofar Dundaye da kuka hana ni sakat da tambayar ina kaset ɗin da na yi muku alkawari, ga amsarku a rubuce. Wanda bai iya karatu ba a karanta masa, ni ma da ƙyar na rubuta.

Ga masu karatu da ba su san asalin maganar ba, ɗana akawu ne ya dawo daga aikin Hajji ya kawo mini tsarabar rikoda, 'yar madaidaiciya mai igiyar ratayawa, ya nuna mini inda ake dannawa. Cikin mako guda na ɗauki carar zakara, na ɗauki ladanin unguwa, na ɗauki faɗan maƙwabta ta kan katanga. Ana cikin haka hira ta faɗa kan wani tsohon makaɗin noma na ƙauyen su mahaifiyar abokina maɗinkin hula. Aka ce mutumin ba ya yarda a ɗauki muryarsa, manyan 'yan kasuwa sun je sun dawo hannu biyu. Ni kuwa na bugi ƙirji a gaban jama'a na ce su ba su iya magana ba ne, ni zan kawo.

Mun tashi da asuba ranar Laraba, ni da maɗinkin, bayan mun idar da salla. A tasha direban kiya-kiya, ƙaramar bas ɗin nan, ya ce naira ɗaya. Na ce sule goma ke nan, ya ce ai an daina sule, na ce ni ba wanda ya aiko mini da takarda. Muka ƙetare gulbin Rima gari yana wayewa, ruwa ya cika ya kwanta cikin fadama, shinkafa ta yi kore shar. Kwalta sabuwa fil, har tana ƙyalli. Manyan motoci maƙare da siminti suna wuce mu ɗaya bayan ɗaya, ga sabbin babura ko'ina, kowa da agogo a hannu, ko wanda bai san ƙarfe nawa ba. Abin da na lura da shi kawai, gonakin bakin hanya tsofaffi da mata sun fi yawa a ciki. Majiya ƙarfi duk sun gangaro birni leburanci, wai kuɗin mai ake rabawa.

A Kware na ci ƙosai da zafinsa, guda uku kwabo biyar, abin da bara ake ba ka biyar har da gyara. A Gwadabawa na ƙara da dafaffen rogo da ƙuli. Tsakanin garuruwan biyu mun wuce shingen sojoji, ganguna biyu da sanda a gicciye, suka ɗaga mana hannu muka wuce. Direba ya ce masu tafiya arewa ba su dame su ba, masu dawowa daga wajen iyaka suke zazzagewa saboda kayan fasa-ƙwauri. Na ji maganar, ban ajiye ta ko'ina ba.

Daga Gwadabawa muka sauka daga kwalta muka hau bayan a-kori-kura, tare da buhunan taki da akuya biyu. Daga nan kuma na kulle bakina. Sunan ƙauyen da sunan makaɗin ba za ku ji su daga gare ni ba, in kun kai ƙarshe za ku san dalili.

Mun iske ana gayya a gonar wata gwauruwa. Mutum kusan talatin sun jeru da garma, tsohon yana bayansu da gangarsa, 'yan amshinsa biyu su ma duk sun yi furfura. Siriri ne, ba shi da wani kwarjini sai ya buɗe baki. Yana kiran kowane manomi da sunan kakansa, yana tuna masa kunyar noma nawa kakan yake kaiwa kafin hantsi. Na ga wani ƙato da ya fara jan ƙafa, da aka ambaci kakansa sai ya duƙa ya wuce kowa, ƙasa tana tashi bayansa. Ni da ban taɓa noma ba sai cikin hira, wallahi na ji ƙuguna yana motsi.

Da azahar aka sauke mu a ƙofar gidan makaɗin, ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Aka kawo fura da nono mai tsami cikin ƙwarya, na sha, aka ƙaro, ban ce a'a ba. Sannan na fito da rikoda na ajiye a tabarma kamar alƙali ya ajiye littafi, na gyara murya na karanto hujjojina. Na ce masa zamani ya canza. Na ce da kaset za a ji shi a Kano, a ji shi a Ikko, har Makka alhazai su tafi da shi. Na ce dukanmu mun tsufa, ranar da ya kwanta dama waƙoƙin nan sun bi shi kabari, jikokinsa ba za su san muryarsa ba. Wannan ta ƙarshen har yau ina ganin gaskiya ce.

Ya bar ni na gama, yana ɓare goro. Sannan ya ce, "Alhaji, ka gama wa'azin?"

Na ce ni ba Alhaji ba ne, ɗana ne ya je.

Ya ce, "To baban Alhaji. Waƙa biyu ta noma na ba gidan rediyo da hannuna, don na yarda kowa shi ji su. Saura kau nawa na. Ni in na ɗauki ganga, sai na duba hwuskokin da ka zaune. Na san gaban wanda ni ka buɗe baki, na san gaban wanda ni ka yin shiru. Akwatin ga naka ya san hwuska? Duk wanda yad danna, waƙa shi kai mai, ko uban wa na."

Na ce ai ni mutumin kirki ne, ba zan sayar a kasuwa ba.

"Kai ɗin mutumin kirki na. Wanda za ya ara hannunka fa? Da wanda za ya ara hannun wancan? Mai da shi jaka, ka zauna ka ji da kunnenka, kyauta."

Maɗinki ya harare ni, na ce to. Amma da na shiga bayan gida kama ruwa, shaiɗan ya biyo ni. Na zaro rikodar daga jaka na rataya a wuya, na tura ta ƙarƙashin taguwa, na tamke da mazagin wando don kada ta yi lilo, na saki babbar riga a kai. Na fito ina tafiya kamar mai ciwon baya.

Bayan la'asar dattawan ƙauyen suka taru, mutum bakwai ko takwas. Tsohon ya dubi kowa ɗaya bayan ɗaya, ya dube ni, ya dubi maɗinki. Maɗinki ya ce, "Nawa na, na ɗaukar mai." Sai tsohon ya jawo ƙaramar ganga, ya sassauta murya, ya fara waƙar famfo. Ni kuwa na sa hannu cikin riga kamar ina susa, na danna.

Waƙar a kan wani babban mai khaki ce da ya zo buɗe musu famfo. Ana gobe zai zo aka kawo ruwa da tanka aka ɗura. Ya zo da jiniya, ya murɗa, ruwa ya zubo, aka yi tafi, aka ɗauki hoto, ya tafi. Tun daga ranar famfon bai sake ɗigar da ko hawaye ba. Kada wani ya ce zai gane ƙauyen da wannan, irin famfon nan na ƙirga huɗu a hanya. Amma waƙar ba ta ɓoye komai ba. Da sunan mutumin a ciki, da girman tumbinsa, da sunan ɗan kwangilar, da motar da ya saya. Mun yi dariya har wani dattijo ya faɗi gefe yana tari. Muka kwana can, da safe aka sallame mu da ƙwan zabi da damin albasa.

Ban sami inda zan saurari abin da na ɗauka ba, ƙauye ba ya da ɓoyo. Sai da muka dawo Gwadabawa muka shiga kiya-kiya, na raɗa wa maɗinki a kunne, ina jiran ya yaba mini. Sai ya ce, "Da hwuskata anka buɗe maka baki. In wani abu yas sami tsohon ga, ni da wane ido za ni koma garin uwata?" Ya juya ya ba ni ƙeya. Ina shirin ce masa ya cika tsoro sai na hango ganguna biyu da sanda a gicciye.

Aka ce kowa ya sauka da kayansa. Wani soja ya buɗe jakata, ya ture albasa, ya zaro rikoda. Ya tambayi takardar saye, na ce tsarabar Makka ce. Ya jujjuya ta, ya ga kaset a ciki, ya ce da Hausarsa ta bariki, "Baba, wane waƙa kana ji? Bari mu ji kaɗan." Ya fi ni sanin kanta, nan take ya mayar da zaren baya. Sajensu ma ya taso daga inuwa ya tsaya kusa, bulala a hammata.

Jama'a, zaren nan yana juyawa ina ganin abin da zai biyo baya. Ni mari biyu zan sha in faɗi sunan ƙauyen, na san kaina. Daga nan mota ta tafi ta ɗauko tsohon da ya shayar da ni fura, a aske masa kai da kwalba, a jefa shi inda ba mai belinsa. Mutumin da ya faɗa mini a fili abin da yake gudu. Duk addu'ar da na haddace ta gudu, sai bisimilla nake ta maimaitawa.

Sojan ya danna.

Da farko shuu, sai ƙarar yadi yana gogar yadi. Sai wani ƙugi ya taso, ƙululululu, kamar ana tuttule tulu a rijiya. Ya lafa, ya sake tasowa da ƙarfi, ya ƙare da ɗan siririn kuka kamar na mage. Can nesa ana jin dum dum na ganga kamar daga wani gari, amma ko kalma ɗaya ba ta fita. Ashe da na tamke rikodar, bakin da ke ɗaukar magana na manna wa tumbina. Ƙosan Kware, rogon Gwadabawa da nonon ƙauye su ne suka yi ta muhawara tun daga farkon kaset har ƙarshe. Muryar mutum ɗaya ce ta fito sarai, tawa, ina ƙyaƙyata dariya ina shaƙewa.

Saje ya karkata kai ya saurara da kyau, ya ce wannan wace irin dabba ce. Na ce, "Ranka shi daɗe, cikina na." Sojan ya durƙusa yana dariya, ya kira sauran, aka sake mayarwa baya aka saka wa kowa, har fasinjojin wata motar suka zo kallo. Wata tsohuwa ta ce tun da take ba ta taɓa ganin wanda ya tafi wani gari don ya ɗauki kukan cikinsa ba. Saje ya miƙo mini rikodata ya ce in na isa gida in jiƙa kanwa in sha. Ban taɓa jin daɗin a yi mini dariya ba sai ranar. Da sun ce in yi rawa, da na yi.

Muka koma mota. Maɗinki ya ci gaba da ba ni ƙeya har Kware. A nan ya sayi ƙosai ya ci shi kaɗai, ya ce ni na ci rabona na shekara. Na gane ya fara hucewa. A kan gadar Rima na zare zaren kaset ɗin kaf, na dunƙule, na sa a aljihu, da na iso gida na jefa a murhu, don kada wani mai kunnen ƙwarai ya tsinci abin da soja bai tsinta ba. Mun shigo Sakkwato ana kiran azahar.

To ga abin da tafiyar ta koya mini. Na tafi ina ganin makaɗin da ya hana a ɗauki waƙarsa marowaci ne, ko baƙauyen da bai san zamani ba. Na dawo na san shi ya fi ni sanin zamanin. Mai waƙa shi ya san wadda zai saki ta shiga duniya da wadda zai riƙe a ƙofar gidansa, don in ta ɓaci wuyansa za a kama, ba wuyan mai rikoda ba. Har yanzu ina jin zafin a ce muryar nan ta tafi ba a adana ba. In an yi girbi zan koma, in maɗinki ya yarda ya raka ni, in faɗa wa tsohon abin da na yi, in ajiye rikodar a fili. Wadda ya ba ni in karɓa, wadda ya hana in bar masa abinsa.

Da na huta na ba mai ɗakina labarin tana tankaɗe. Kun san ni da gyara zance. Na ce mata a ƙarshe dai Allah ya sa na riƙe amanar bawan Allah, ko kalma ɗaya tasa ba ta fita ta hannuna ba. Ba ta ko ɗago kai daga rariya ba.

"Malam, wace amana kar riƙe? Kai dannawa kay yi. Tumbin nan naka shi yar ruhwa ma bawan Allah asiri. In da goron godiya, shi za a ba."