Kayen da Man-sik Ya Sha a Hannun Ƙaninsa

Duk wanda ya tashi a unguwar Koriyawa ta birnin Osaka a ƙasar Japan ya san Bu Man-sik, mai gasa kayan ciki a bakin tashar jirgin ƙasa, gajere mai wuya kamar turmi, ga jarabar kokawa. Daga tsibirin Jeju na kudancin Koriya suka zo shi da ƙaninsa Man-ho, a ɓoye cikin jirgin masunta, ba su da komai sai ƙarfi. Da aka fara shelar cewa Koriya ta Arewa na kiran 'ya'yanta, wai gida kyauta makaranta kyauta, Man-ho ya hau jirgin ruwa yana dariya, ya ce yayansa ya biyo shi in kaka ta yi. Man-sik bai bi ba, shi kuma Man-ho ba a ƙara barinsa ya fito ba.

Masu samun izinin kai ziyara sukan dawo da labari iri ɗaya. Man-ho yana raye, yana horar da 'yan kokawa, amma ba ka ganin ɗan'uwanka sai da jami'in gwamnati zaune tsakaninku yana kurɓar shayi. Kowa lafiya, kowa a ƙoshe, a tashi.

Sai Man-sik ya zuba yashi a bayan shagonsa ya fara koyar da kokawar gargajiya. A lokacin unguwar ta rabu biyu, masu bin Arewa da masu bin Kudu, ko gaisuwar mutuwa ba ta haɗa su. Shi ko ya kwaso samarin kowane ɓangare ya ɗaura musu ɗamara.

"Kai ɗan Kudu, haka kuke kama ƙugu, kamar mai taɓa surukarsa?" in ji shi. "Kai kuma ɗan Arewa, rufe baki, jawabi ba ya kayar da mutum!"

Ya fara zarya ofis-ofis, yana sunkuyar da kai, yana roƙon a bar shi ya kai 'yan wasansa Arewa don gasar zumunci. Waɗannan suka ce ɗan leƙen asiri ne, waɗancan ma suka ce haka.

Matarsa Sun-ja ta gaji. "Baban Yong-mi, kai da ko jarida ba ka karantawa, yaushe ka zama jakada?"

Ya juya hanji a kan wuta, sannan ya ce, "Yaya ake fara kokawarmu?"

"A durƙushe mana. Kowa ya kama ɗamarar ɗan'uwansa, kafaɗa ta haɗu da kafaɗa."

"Kunne fa?"

"A jikin kunne."

"To, jami'in gwamnati ba ya durƙusawa a yashi."

Ba ta ƙara yi masa tsiya ba. Abin da yake nema ke nan duk duniya, ɗan lokacin da ake ɗauka kafin alƙalin wasa ya ce a miƙe, ya ji muryar ƙaninsa ta gaskiya, ya kuma gaya masa uwarsu ta rasu da sunansa a baki.

Sai da kansa ya yi fari fat aka amince. Ya roƙi a buɗe gasar da karawar tsofaffi, wa da ƙani, manya suka ce wannan zai yi kyau a hoto.

Ranar gasar a can Arewa, da aka fito da Man-ho, da ƙyar Man-sik ya gane shi. Wanda ya fi shi tsawo da ƙirji ya koma ƙashi da fata, haƙoran gaba babu. Suka durƙusa, suka kama ɗamara, kafaɗa ta haɗu. Man-sik ya buɗe baki ke nan, ƙanin ya riga shi.

"Yaya, kar ka yi magana, saurara. Kar ka ƙara zuwa. Tun ranar da ka fara ambaton sunana a ofisoshinsu suke kirana suna tambayata. An cire ɗana daga makaranta an tura shi haƙar kwal. Ka manta da ni, ina roƙonka. Kuma ka faɗi. In mutumin Japan ya kayar da ni a gabansu, na shiga uku."

Alƙali ya buga bayansu, suka miƙe.

Man-sik ya ji haƙarƙarin ƙaninsa ta cikin riga. Da hannu ɗaya zai iya ɗaga shi kamar buhun ƙaiƙayi. Kokawar da ta fi ba shi wuya a rayuwa ke nan, domin Man-ho ba shi da ƙarfin tura shi, sai da ya yi ta gurnani yana ja da baya, ya harɗe ƙafarsa da kansa, ya zube yana tallafe da ƙanin kada ya ji ciwo. Fili ya ɗauki tafi. Maganar uwarsu ba ta fito ba.

A Osaka aka yi ta tsokanarsa. "Dattijo Bu, ashe tsinke ne ya kayar da kai?" Yana dariya yana zuba musu nama.

Da shekara ta zagayo, gayyata ta biyu ta zo ba tare da ya roƙa ba. Shugabannin ɓangarorin biyu suka shigo shagonsa tare, abin da ba a taɓa gani ba, suna murna. Man-sik ya ce ba za shi ba, kuma kada a sa sunansa a komai. Suka ce girman kai ne, kaye ɗaya ya sa zai rushe abin da ya gina da hannunsa. Bai musa ba. Tafiyar ta watse, ɗalibai da yawa suka daina zuwa, abin ya ci shi ƙwarai, amma bai gaya wa kowa dalili ba sai Sun-ja, don magana a unguwar nan ƙafa gare ta.

Ya ƙara shekaru yana gasa nama yana share yashi. Duk wanda ya dawo daga ziyarar Arewa yakan biyo ta shagon, ya zauna yana jira a tambaye shi labarin Man-ho. Man-sik sai ya tambaye shi ko can an yi sanyi bana. Har ya mutu bai san ko shirun nasa ya dawo da ɗan ƙaninsa daga ramin kwal ba.