Layin Bula a Gidan Dogo

Hantsin wata Lahadi ne. Ina tsugune a cikin wani sabon gini a Darmanawa, ina juya fenti da guntun katako, sai na ji babur ya tsaya a waje. Mai babur ɗin bai kashe inji ba, bai kuma yi sallama ba. Maƙwabcin abokin aikina ne, wani ma'aikacin gwamnati da ban taɓa ganinsa babu takalmi sau-ciki ba, amma ran nan silifas ne a ƙafarsa. Ya dubi bango, ya dubi bokiti, ya ƙi duban fuskata. Sannan ya ce, "Malam, ajiye aikin nan. Dogo ya rasu."

Shekaru da yawa sun wuce, na manta gidajen da na yi wa fenti, na manta fuskokin masu su. Amma wannan safiya da abin da ya biyo bayanta suna nan tare da ni, kuma na san ba za su bar ni ba sai ranar da na bar duniya.

Ba zan faɗi sunansa na yanka ba. Dogo kowa yake ce masa, kuma sunan ya dace da shi. Mutumin Filato ne, Kirista, yana haya a Gyadi-Gyadi da matarsa da 'ya'yansu. Matar malamar firamare ce a Tarauni, shi ya sa nake ce mata Malama. Ni kuwa haifaffen Gyadi-Gyadin ne, kuma gajere. A wurin aiki muka haɗu tun muna samari, kowa da ubangidansa, daga baya muka ware muka haɗa tsani ɗaya da bokiti ɗaya. Shi ne mai sama, ni ne mai ƙasa. Idan mai gida ya tambayi wane ne oga a cikinmu, sai Dogo ya ce, "Alhaji, daga taga zuwa silin ni ne oga. Daga taga zuwa ƙasa ka yi magana da Gajere."

A lokacin yawancin gidaje fenti biyu ake yi wa bango. Sama fentin ruwa mai haske, ƙasa fentin mai, mai duhu, saboda hannun yara da masu jingina. Kyan aikin duk yana wurin layin da ya raba su. Mu zare muke turbuɗawa a garin bula, irin wadda ake sa wa fararen kaya, kowa ya riƙe bakinsa ɗaya a kusurwa, a ja shi ya yi tsai, sai a ɗaga tsakiyar a saki. Zaren ya doki bango, ya bar shuɗin layi miƙaƙƙe. Dogo bai taɓa auna tsayin layin da tef ba. Jikin bango yake matsawa ya tsaya, inda bakin aljihun rigarsa ya kai, nan ne layi. Na sha yi masa tsiya cewa ranar da tela ya sauke masa aljihu, rabin gidajen Gyadi-Gyadi sun karkace.

Ranakun mako ma raba su muka yi. Juma'a tasa ce, ina tafiya masallaci yana ci gaba da aiki. Lahadi tawa ce, yana coci ina kan bokiti. Masu gidaje suna son hakan, wai mu ne masu fentin da ba sa hutu.

Sana'ar ba ta da tabbas. Wani watan ka rasa lokacin wanke burushi, wani watan ka zauna a gindin darbejiya kana kallon masu wucewa. Ka gama katanga da la'asar, hadari ya taso ya wanke ta. Uwargida ta zaɓi ruwan ƙwai, a gama ɗaki, ƙawarta ta zo ta ce ya yi kama da asibiti, a koma farko. Da yamma mu wanke hannu da kananzir, mu sayi gwangwanin madara mu raba, don iyayen gidanmu sun ce ita ke wanke warin fenti daga ƙirji. Har yau ban san ko gaskiya ne ba, amma har yau ina sha.

Da sojoji suka koma bariki, mulki ya dawo hannun farar hula, sai aiki ya buɗe mana irin buɗewar da ba mu taɓa gani ba. Kowane ɗan takara yana son ofis mai launin jam'iyyarsa. Akwai wani shago a bakin titin Tarauni da muka yi wa fenti, kafin warinsa ya fita mai shi ya sauya jam'iyya, aka sake kiranmu. Dogo ya ce masa, "Ranka ya daɗe, idan da sauran tafiya a gaba, ka faɗa mana mu bar tsanin a nan." Masu manna fosta kuma suka zame mana ciwon kai da arziki a lokaci guda, su ɓata bango, a kira mu mu kankare. A wannan ɗan sararin ne Dogo ya sayi ƙaramin fili a Darmanawa, ya tayar da ɗaki biyu da falo, ya rufa kwano. Har ya gaya wa mai gidan hayarsa cewa ƙarshen wata zai tashi, aka kuma yi wa wani alkawarin ɗakunan. Fenti kawai ya rage, kuma na ce masa Lahadita ta gidansa ce har a gama.

Ranar Asabar da yamma muka biya ta can don mu buga layin falo, saboda washegari ni kaɗai zan zo. Muka bi bango uku, muka zo na gabas. Ya matsa ya auna da aljihunsa, muka ja zare, na ɗaga na saki. Layi ya fito tas. Babban yatsansa ya yi shuɗi da bula da gumi, sai ya danna shi a kan farin bango, kusa da kusurwa, ɗan sama da layin.

Na ce, "Dogo, ka ɓata mini aiki."

Ya ce, "Ƙuri'a na kaɗa, Gajere. Duk zaɓen nan wasu na dangwala wa. Yau na dangwala wa kaina."

"Gobe zan shafe ta."

"Ka ga halinku na 'yan maguɗi ke nan," in ji shi.

Muka yi dariya, muka rufe ƙofa. Maganarmu ta ƙarshe ke nan, in ban da sai gobe da muka yi a mararraba. Washegari na yi sammako, na gama ƙasan bango uku, ina juya fenti don na huɗun babur ɗin nan ya tsaya.

An ce yana shirin coci ne. Ya zauna a bakin gado zai ɗaure takalmi, ya ce kansa yana sara, bari ya ɗan kishingiɗa. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan tsani bai taɓa faɗowa ba, a bakin gadonsa ajali ya same shi. Na bi iyalinsa har ƙauyensu aka binne shi. Ban san waƙoƙin da suka rera ba, na dai tsaya daga gefe, hannuna har lokacin da fenti a ƙarƙashin farce.

Bayan mun dawo Kano, wansa ya biyo mu, wani dattijo manomi mai ƙarancin magana. Ya sa aka kira ni gidan hayar. Malama tana zaune a ƙasa kanta sunkuye. Ya ce dangi sun yanke shawara, ta tattara yara ta koma gida, a sayar da ginin Darmanawa.

Ta ce, "Yaya, aikina yana nan. Makarantar yaran tana nan. Gidan nan kuma don su ya gina."

Ya ce, "Na je na gani. Gidan da ko fenti ba a gama ba. Wa zai gama shi?"

Ban shirya magana ba, na ji bakina ya ce, "Ni, Baba."

Ya daɗe yana dubana. "Malam, kai ma kana da iyali. Zafin mutuwa ne yake sa mutum alkawari." Sannan ya ce zai dawo ƙarshen wata, ranar da za su fita daga haya. Idan ya tarar da gida, to. Idan ya tarar da kango, da motar kaya zai zo.

A lokacin na ɗauka maganar fenti yake yi. Sai daga baya na gane cewa mutum yana iya kwana a ɗakin da babu fenti, kuma dattijon ya fi ni sanin haka. Abin da yake tambaya shi ne, matar ƙaninsa wa take da shi a garin nan.

Na ajiye sauran ayyuka na koma Darmanawa. Sama ce ta fara ba ni wuya, don na saba da cewa ba tawa ba ce. Hawa tsani, sauka, matsar da shi, sake hawa, babu mai miƙo bokiti. Sau da yawa nakan ji na buɗe baki zan ce, "Dogo, duba can," sai in yi shiru. Na gama saman ɗakunan biyu, na zo wurin layi na tsaya. Na san ƙusa za ta iya riƙe bakin zare. Na san zan iya ɗauko tsayin daga falo da sanda. Har na ɗauko ƙusar, na zauna da ita a hannu, azahar ta yi ban buga ba. Washegari ma haka.

A rana ta uku mai ɗakina ta kawo mini abinci, ta biya ta ɗauko Malama don ta ga inda aka kwana. Malama ta shiga ɗakin ta ga zare a ƙasa, ta gan ni zaune. Ta je ta tsaya a jikin bango, ta ɗora yatsa daidai kunnenta.

Ta ce, "A nan aljihunsa yake kai mini."

Na ɗauko sanda na gwada da layin falo. Daidai ne, ko ƙwayar gero babu tsakani. Ta riƙe bakin zare, na riƙe ɗaya, mai ɗakina ta ɗaga tsakiya ta saki, bula ta tashi ta zuba mata a mayafi. Mai ɗakin tawa ta ce, "Kai, ashe haka kuke shan wahala, ni ina ganinku kamar wasa kuke." Malama ta yi murmushi, na farko da na gani tun rasuwar. Haka muka bi ɗakunan biyu.

Da za su tafi, Malama ta tsaya a falo gaban bangon gabas. Na gaya mata yadda aka yi shuɗin yatsan nan, da abin da ya ce, da abin da na ce. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Malam, idan ka yi fentin, layin zai ɓace?"

Na ce, "Fentin ƙasa a kan layin yake tsayawa, Malama. Zai rufe shi. Yatsan kuma sai an shafe."

Ta ce, "To a bar shi tukuna."

Na ce mata Baba zai zo, kuma gida gamamme ya ce yana son gani. Ta ce ta sani.

Ƙarshen wata dattijon ya zo, kamar yadda ya ce. Ya shiga ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, yana shafa bango da tafin hannu, ya fito falo ya tsaya. Bango uku sun sha fenti sama da ƙasa, na huɗu fari fat, sai shuɗin layi.

Ya ce, "Malam, wannan fa? Fenti ne ya ƙare, ko alkawari?"

Na nuna masa galan ɗin fentin a kusurwa, a cike. Sannan Malama ta nuna masa yatsan, ta maimaita masa maganar ƙuri'a. Dattijon ya matsa kusa ya sunkuya. Ya ɗaga nasa babban yatsan ya kai kusa da shuɗin, amma bai taɓa shi ba.

"Tun yana ƙarami haka yake," in ji shi. "Ba ya wuce jiƙaƙƙen yaɓe bai sa hannu ba. Na sha dukansa a kan haka." Ya goge fuska da hularsa. Sannan ya juyo ya ce, "Ina kayan? A fara shigo da gado."

Malama ba ta koma ƙauye ba. A gidan nan ta yi ritaya, a nan aka yi bikin 'yarta ta fari. Na sake yi wa gidan fenti ba sau ɗaya ba, kuma duk lokacin da na zo falo nakan tambaye ta, ita kuma ta ce a bar shi tukuna. Bular ta dushe ƙwarai yanzu, sai wanda ya san wurin ne zai gane yatsan. Ni ma na yi abokan aiki bayansa, mutanen kirki, amma da tef nake auna layi. Wani lokaci nakan shiga tsohon gida a Gyadi-Gyadi ko Unguwa Uku, in ga layi ya kai mini haɓa, sai in san mu ne muka yi shi.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Na ɗauka amana ita ce ka gama duk abin da ɗan'uwanka ya bari. Ashe wani abin gama shi ake yi, wani kuma tsare shi ake yi yadda ya bar shi, kuma masu rashin ne suka san wanne ne wanne. Galan ɗin nan ya daɗe da daskarewa. Bangon gabas na falon Dogo har yau ban yi masa fentin ƙasa ba.