Tumakin Abu Yusuf a Kicin ɗin Kaka

Shekarata tara lokacin da aka yi wasannin Olamfik a China. Muna zaune a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou, a wani bene hawa na goma sha ɗaya, Baba yana sarin wandunan jins a garin Xintang yana turawa Kano. A wannan daminar 'yan sanda sun matsa wa baƙi da tambayar takardu, sai Baba ya hana ni da ƙanwata Habiba sauka ƙasa. Kaka, mahaifiyarsa, wadda ta zo a duba mata ido, ita ta zama duk nishaɗinmu. Ta ce tatsuniya ba ta yiwuwa sai da wuta, saboda haka bayan magariba sai ta ja kujera gaban murhun gas, ta ɗora shayi, mu kuma mu zauna a kan kwalin kaya.

Ƙofarmu tana kallon ta Yusuf, wani Bafalasɗine mai tura wa 'yan kasuwa kaya ta jirgin ruwa. Mahaifiyarsa, Ummu Yusuf, ta zo renon jika. Kaka ta yi shekara bakwai a Makka, Larabcinta na kasuwa ne amma yana kai ta inda take so, don haka kullum da la'asar suna tare. Mijin Ummu Yusuf, wato Abu Yusuf, makiyayi ne a duwatsun ƙasarsu. Sojojin mamaya sun ce makiyayarsa ta zama filin atisaye, sun fasa ramin da yake tara ruwan sama, suna tare shi a hanya yadda suka ga dama. Wata rana aka bugo waya cewa sun kama masa garken gaba ɗaya. Ta bango muka ji kukanta.

Da yammar nan Kaka ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan, ku matso kafin ta huce."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Ta ce a wata ƙasa mai duwatsu akwai wani tsoho mai tumaki. Mutanen ƙasar suna da dabara: sukan raba ɗan rago ɗaya da uwarsa tun ranar haihuwa, su shayar da shi a gindin jaki, ya tashi bai san kowa ba sai jakin. Idan ya girma a rataya masa ƙararrawa. Inda jaki ya sa ƙafa rago ya bi, inda rago ya bi garke ya bi. To, ranar da tsoho ya tafi ɗebo ruwa da jakinsa, sai ga sojoji sun kewaye garken.

"Ƙarti ashirin!" in ji Kaka, tana taɓe baki. "Kowa da bindiga, kowa da hular ƙarfe, kamar za su ci gari. Wa suka zo yaƙa? Tunkiya mai ciki! Kai, tir da wannan jarumta."

Suka yi ihu, tumaki ko gezau. Suka yi harbi sama, tumaki suka watse suka dawo gindin rago. Babbansu ya tsaya gaban ragon ya ce ya nuna takardarsa. A nan Habiba takan faɗo daga kan kwali don dariya, domin mun san masu tambayar takarda. Can sai ga tsoho ya dawo. Ya juya jakinsa ya nufi gida. Ƙararrawa ta yi ƙara, garke ya bi, aka bar sojoji da kashin tumaki a takalma.

"Ƙurungus," ta ce, ta kashe gas. Sau nawa muka sa ta maimaita, ban iya ƙirgawa ba.

Bayan shekara goma sha ɗaya na koma Guangzhou sarin kayan kaina, na ci karo da Yusuf a kasuwar Tianxiu, furfura ta fara masa. Cikin murna na ba shi tatsuniyar jakin babansa. Bai yi dariya ba. Ya ce farkon gaskiya ne, sun wuni sun kasa kora garken. Sai suka aika wa tsohon cewa ya zo da jakinsa. Ya zo da sauri, a zatonsa sakar masa za su yi. Suka karɓi igiyar daga hannunsa, suka ja jakin ya hau babbar mota, rago ya bi, garke ya bi. A gabansa aka rufe motar. Da ƙafa ya koma gida, kuma bai ƙara kiwo ba har ya rasu.

Raina ya ɓaci da Kaka. Da na dawo Kano na same ta a ɗakinta, ta makance sarai, na ce, "Kaka, ashe ƙarya kika yi mana? Tumakin ba su dawo ba."

"Na sani mana, 'yar nan. Tun ranar da aka bugo waya na sani."

"To me ya sa?"

"Sun ɗauke tumaki, sun ɗauke jaki. In kuma haɗa musu da jikokina su tashi suna jin tsoronsu? Ina! A kicin ɗina ba za su ci nasara ba."

Na daɗe ina juya maganar nan. Dariyarmu ba ta mayar wa Abu Yusuf ko ɗan tunkiya ɗaya ba, wannan yana ci mini rai har gobe. Amma abin da Kaka ta nufa ya kama ni. Duk sanda na ga sojojin nan a labarai sun tsaya kan wani makiyayi da motocinsu masu sulke, baƙin ciki nake ji, da fushi, da raini mai yawa. Tsoro ne kawai na nema na rasa.